Lemun Gindin Famfo

Auta na zaune a kan tabarma a tsakar gida, rigar wata kwastoma a cinyarta, allura a hannu, amma tun ɗazu ko maɓalli ɗaya ba ta ɗinka ba. Hankalinta ya tafi ɗakin da za a kai ta nan da wata uku. Tana ganin labule ruwan madara, da keken ɗinkinta a bakin taga, da wani dogon mutum mai warin gam ɗin fayif yana sallama da yamma. Ita kaɗai ta yi murmushi.

Mutumin mai gyaran famfo ne. Unguwa na ce masa Mai Famfo, ita kuwa Injiniya take ce masa don tsokana. Umma ta yi na'am da shi tun zuwansa na farko, duk da takan ce shirunsa ya yi yawa.

A satin nan hukumar ruwa ta raba takarda gida-gida: kwana biyu a mako za a riƙa sako ruwa, kuma duk gidan da aka samu famfo na zuba a banza za a datse masa layi. Umma ba ta nan, ta tafi wajen Yaya da ta haihu, ta bar Auta da Gwaggo mai yawan gyangyaɗi. Famfon tsakar gidansu kuwa tun Auta na rarrafe yake ɗiga, a gindin wata bishiyar lemun tsami da ke jikin katanga.

Ta ɗauki waya. "Injiniya, filis ka taimaka. Ina za a ce gidan surukan mai famfo aka datse wa ruwa?"

"Ai da na bar sana'ar," ya ce yana dariya.

Ya zo da sifana, ya gaida Gwaggo, ya canza 'yar roba guda ɗaya. Ko minti goma bai yi ba.

Sati uku Umma ta yi, a tsakiyar zafi. Babu wanda ya taɓa yi wa lemun nan ban ruwa da hannu, don haka Auta ba ta ko tuna da shi ba. Ranar da Umma ta dawo, a bakin ƙofa ta tsaya da jakarta. Ganyen ya yi rawaya, rabinsa na ƙasa.

"Wa ya taɓa famfon nan?"

"Umma, ni na kira shi... saboda takardar hukuma..."

Umma ta durƙusa ta dafa busasshiyar ƙasar. "Babanku ya dasa shi ranar da aka haife ki. Na yi ta mita ya gyara famfon, sai ya ce in bar shi, lemu na sha. Shekara tara da rasuwarsa ban bari kowa ya taɓa ba."

"Laifina ne, Umma. Shi bai sani ba."

"Ke tela ce. Shi ne mai sana'ar. Mutumin da zai tsayar da ruwa bai duba inda ruwan yake zuwa ba, shi zan ba wa 'yata?" Ta miƙe tana share ido da gefen mayafi. "Ki ce masa ya dakata da zuwa gidan nan."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Washegari a shagon ɗinki ta kira shi, tana jiran ya ce abin ya yi yawa a kan bishiya.

"Gaskiya ta faɗa," ya ce. "Na ga famfo, ban ga bishiya ba."

"To ka zo ka sassauta shi ya ci gaba da ɗiga mana, kowa ya huta."

"Ba zan iya ba, Auta. A ƙarshen layinku akwai gidajen da ruwan ba ya kai musu ko ranar da aka sako. Ni nake zuwa duba musu. Ki ba ni lokaci."

Bayan kwana huɗu ya turo mata hoto: tsohon duro da ya yanke, ya jera tsakuwa da yashi da gawayi a ciki, ya haɗa da ragowar fayif na wurin aiki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa za su bi ta ciki su sauka a gindin lemun. Auta ta kai wa Umma wayar da rawar jiki.

Umma ko karɓa ba ta yi ba. "Ruwan da aka gama amfani da shi? A shukar babanku? Ba mu talauce haka ba."

Da kanta take ɗaukar bokiti, da ciwon gwiwarta, tana rage ruwan wankanta don ta zuba wa lemun. Amma ruwan kwana biyu ba ya isar gida, balle bishiya. Lemun ya tsaya, bai mutu ba, bai farfaɗo ba. Auta ma haka. Takan taka keke a shago idonta na kan titi, ta ga kamar shi ne ya wuce a kan babur, ta ɗinke hannun riga a baibai. Ba ta sake yi wa Umma maganar ba. Da yamma ita take shafa mata man zafi a gwiwa.

A sati na biyar sai ga ƙananan ganye jajaye-jajaye a reshen da ya leƙa bayan katanga. A na shida suka yi kore shar. Umma ta yi ta kallonsu tana mamaki, don ɓangaren da take zuba wa ruwa bai kai wannan kyau ba.

Wata safiya, gari ya waye rana ba ta fito ba, Umma ta ji motsi a bayan gida. Ta saka mayafi ta zagaya lungu. Mai Famfo ne a tsugune, da jarka biyu a kan babur. Ya binne wani tsohon tulu mai huji a jikin katangar, yana tsiyaya ruwa a ciki a hankali. Da ya gan ta ya cire hula, ya sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Umma. Kin ce kada in shigo, ban shigo ba. Saiwar ce ta fito waje."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana talatin da takwas."

Ta dubi jarkokin. "Wane ruwa ne wannan?"

Kamar zai ɓoye, sai ya faɗa. "Na alwalar Innata ne, da na wankin kayan miya. A duron nan nake tace shi. Da na gaya mata labarin, ita ta ce in kawo. Ta ce ita ma ta san abin da mamaci yake bari."

Umma ta ɗaga kai ta dubi reshen. Iska ta kaɗa sabon ganyen a saman kansu, ƙanshinsa ya sauko. Auta na maƙale a bakin lungu ba takalmi, hannunta a ƙirji.

"Ɗan nan," in ji Umma, "duron yana da nauyi?"

"Babur zai ɗauka."

"To ka kawo shi bayan la'asar. Ta ƙofa." Ta juya, ta ci karo da 'yarta. "Ke kuma me kike yi a nan ba takalmi? Wuce ki ɗora masa shayi."

Reshe ɗaya bai dawo ba, sai da aka sare shi, kuma Umma ta yi hawaye ranar. Amma an ɗaura aure a lokacin da aka sa. Kafin nan gidaje uku a layin sun ce a haɗa musu irin duron, har da gidan Gwaggo, wadda ta rantse tun farko ita ta san yaron nan zai yi abin kirki.

Ranar da za a tafi da Auta, Umma ta riƙe hannunta a ɗaki. "Na kusa raba ki da mai rai saboda kewar wanda ya tafi, ki yafe mini. Ki riƙe mijinki da kyau. Kowa na iya yin kuskure, amma wanda zai amsa nasa, ya haƙura da fushin mutane, ya gyara ba tare da ya jira a gode masa ba, ba kullum ake samunsa ba."

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Daga waje aka danna hon, Umma ta gyara mata mayafi, ta raka ta har bakin mota.