Dattijon Layin Ƙarshe

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ku rage murya.

Lantana mace ce mai ilimi da kamun kai, ba a taɓa jin ta da zancen banza ba. Tana aiki a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Gusau. Kafin kowace jarrabawa takan bi allunan kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, tana saita kyamarar wayarta a kansu. Akwai allon da ke rawar da ido ba ya gani, amma a kyamara sai ya fito da baƙaƙen layuka suna gangarowa. Irinsa ke sa ɗalibi ciwon kai da hawaye, don haka sai a cire shi.

Ran nan wuta ba ta dawo ba sai bayan magariba. Ɗakin ya wuni a rufe. Cikin gaggawa ta tura ƙofa, babu sallama, babu bismillah.

Ta duba layin farko. Ta duba na biyu. Sai a layin ƙarshe ta tarar da wani dattijo cikin farar riga, allo a kunne gabansa. Ta ɗauka sabon mai sa ido ne, ta rusuna ta gaishe shi. Ya amsa, amma muryar kamar daga ƙarƙashin tebur take fitowa. Ya ce allon nan ya dame shi, ta duba masa.

Ta ɗaga wayar. Allon lafiya lau. A jikin dattijon layukan suke gangarowa, yana bayyana, yana ɓacewa. Wayar ta karkata ƙasa a hannunta. Kofato ta gani a maimakon ƙafafunsa.

"'Yata, ajiye wannan abin. Dube ni da idonki."

"Baba, da shi ake dubawa."

"Idanuna sun ƙone da kallo," in ji shi a hankali. "Naki sababbi ne."

Sai a lokacin ta lura tun shigowarta bai ƙyafta ba. Kafin ta kau da kai, idonta na hagu ya haɗu da nasa. Ta ji kamar an watsa mata barkono. Ta runtse duka biyun, ta dafa bango, tana jan ƙafa, tana karanta Ayatul Kursiyyu. A bayanta kofato na taka siminti, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Da hannunta ya taɓa ƙofa, ta yi sallamar da ta manta ɗazu. Takun ya tsaya cak.

Idon dama ya tsira. Na hagu kuwa, tun ranar ba ya buƙatar kyamara. Daga bakin ƙofa take nuna allon da ke rawa. Sai dai ba allo kaɗai yake nuna mata ba. Wani lokaci a kasuwa takan ga mutum yana bayyana yana ɓacewa, sai ta sunkuyar da kai, ta yi sallama, ta wuce.

Don haka kada ɗayanku ya shiga rufaffen ɗaki shi kaɗai bayan magariba. Wanda kuma ya ga allo a kunne ba shi ya kunna ba, ya kau da idonsa.