Takardar Sakin Naziran Bibi

Ran biyu ga wata Naziran Bibi ta je banki karɓar fanshon mijinta, aka ce mata an tsayar. Ta wuce ofishin fansho. Akawu ya buɗe fayil, ya zaro takarda mai hatimin gwamnati, ya karanta mata da ƙarfi a gaban jama'a, kamar yadda marasa tarbiyya ke yi idan aka ba su tebur. Takardar ta ce Rab Nawaz, leburan layin dogo mai ritaya, ya yi mata saki uku wata biyar kafin ya rasu. Ga dangwalen yatsa a ƙasa, ga sunayen shaidu biyu.

Ƙa'idar a fili take. Matar mamaci ce ke cin fansho muddin ba ta sake aure ba. Wadda aka saka har ta gama idda ba ta da ko rupi ɗaya, sai haƙƙin ya faɗa kan 'yar mamacin idan ba ta da miji. Kausar, 'yar Rab Nawaz ta wajen marigayiya matarsa ta farko, bazawara ce, kuma ita ta kawo takardar. Akawu ya ce nan da kwana ashirin za a mayar da fanshon sunanta.

Naziran ta shiga ofishin 'yan sanda na Khanewal. Ƙaramin Sufeto Mushtaq Joiya ne a bakin aiki, mutum siriri mai ciwon ciki, wanda ba ya dariya kuma ba ya karɓar na shayi. Ta gaya masa shekararta goma sha tara a gidan Rab Nawaz, ba ta haihu ba. Ita ta yi jinyarsa, ita ta yi masa takaba wata huɗu da kwana goma. Ɗakinta na bayan gidan ɗansa Liaqat, kuma tun da maganar ta fito matan unguwa sun fara lissafin watannin da ta yi da namijin da ya sake ta.

"Masi," in ji Mushtaq, wato Inna, "ya taɓa yi miki barazanar saki?"

"Sahib, ranka ya daɗe, mutumin da bai san inda takalminsa yake ba sai na nuna masa? Idan ya sake ni wa zai nemo masa?"

Mushtaq ya aika takardar zuwa Lahore a gwada yatsan, ya fara da shaidu. Na farko ya mutu bara. Na biyu ya tafi aiki Maskat, ba wanda ke da lambarsa. Ofishin ƙaramar hukuma bai taɓa samun sanarwar sakin ba, amma akawun fansho ya ce wannan matsalar kotu ce, kotu kuma sai ta ci shekara biyu. Tsohuwa marar ɗa ba ta da shekara biyu a bayan gidan wani.

Liaqat direban babbar mota ne. Ya nuna takardun lodi: yana hanyar Karachi makon da mahaifinsa ya suma, ya iso ana shirin sallar gawa. Ya ce takardar matarsa Shamshad ce ta tsinta a akwatin ƙarfen tsohon tana kakkaɓa, ita da Kausar. Shi dai bai ce Naziran ta fita ba, ya dai ce idan takardar gaskiya ce to ciyar da ita ba wajibinsa ba ne. Namiji ke nan mai gemu, yana neman malamin da zai sauke masa nauyin matar da ta dafa masa abinci shekara goma sha tara.

Kausar ta amsa tambayoyi kanta a ƙasa. Ta yi aji takwas, ta taɓa aikin rajistar masu zaɓe. Ta yarda ita ta kai takardar ofis, ta yarda ita za ta amfana. Ta ce ta yi kuka ranar da aka tsinta, amma Shamshad ta ce mata haƙƙinta ne, kuma wanda ke ci a gidan wansa ba ya mayar da haƙƙi.

Lambar da ke bayan takardar ta kai Mushtaq inuwar bishiyar ƙofar kotu, wurin Munshi Irshad, mai sayar da takardu masu hatimi da buga wa jahilai ƙorafi. Munshi ya rantse da 'ya'yansa. Mushtaq ya buɗe rajistarsa, ya nuna masa layin da aka cusa tsakanin layuka biyu da wata tawada dabam.

"Munshi ji, ko dai ka tuna a nan cikin iska, ko ka tuna a ɗakinmu na baya. Can babu fanka."

Sai ya tuna. Mace ce cikin lulluɓi har ido. Ta nemi takarda mai tsohon kwanan wata, ta tafi da ita babu rubutu, ta dawo bayan kwana uku da dangwale a ƙasa, shi kuma ya buga kalmomin a sama. Ta ce ita 'yar mutumin ce, mahaifinta ba ya iya tashi. Ta dangwala yatsanta a rajista. Fuskarta bai gani ba.

Duk wannan Kausar yake nunawa. Mushtaq bai kama ta ba, don wanda ya ce shi wane ne a bayan lulluɓi ba lalle shi ne ba.

A kwana na goma sha shida amsar Lahore ta zo: yatsan Rab Nawaz ne, babu shakka. Naziran na zaune a benci kamar kullum, ta ga fuskar Mushtaq ta gane. Ta matso kusa da teburinsa.

"Puttar, ɗana, gaya mini gaskiya. Ko ya yi ɗin ne ya ɓoye mini? Akwai ranar da na yi masa tsawa kan magani."

Mushtaq ya jawo fayil ɗin gabansa. Maganar Munshi ita kaɗai ba za ta tsayar da akawu ba, tunda mai buga ƙarya ne ya faɗe ta, kuma yatsa ya tabbata. Gwada yatsan da ke rajista zai ci wani mako biyu. Saura kwana huɗu.

Ya sake karanta rahoton a tsanake, har layin ƙarshe da bai kula da shi ba. Yatsan Rab Nawaz ne, na hannun dama. A takardar sakin kuwa, ƙarƙashin dangwalen, Munshi ya buga abin da ake bugawa kullum: babban yatsan hagu. Mushtaq ya sa aka ɗauko littafin aikin mamacin. Shekara talatin da biyu na albashi da hutu da gargaɗi, duk hagu ne. Hannayen mutumin biyu lafiya lau suke har ya mutu.

Daga nan ya nemi Chacha Hidayat, wato Baffa Hidayat, tsohon da ke wankan gawa a unguwar. Tsohon ya ce ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci. Mushtaq ya ce masa mace mai rai ake shirin binnewa. Sai ya faɗa: akwai shuɗiyar tawada a babban yatsan dama, sabuwa, sai da ya goge da sabulu sau uku.

Washegari da hantsi Mushtaq ya je gidan Liaqat tare da Chacha Hidayat. Ya zaunar da shi kan gadon igiya a ɗaki, hannayensa biyu a kan gwiwa, ya ajiye takarda da tawada. Ya ce wa mutanen gidan Chacha ya ba da bayani, hannunsa na rawa, yana son kowa ya shigo shi kaɗai ya taya shi dangwalawa a kwafi ɗaya.

Liaqat ya shigo yana gunaguni, ya kama hannun hagu. Kausar ta shigo, tsohon ya miƙa mata dama da gangan, ta ture.

"Chacha, ɗayan. Yaushe ka zama mace?"

Shamshad ta shigo tana share hannu a gyalenta, tana cewa ta bar madara a wuta. Ta buɗe tawadar, ta hura mata iska, ta kama hannun dama na tsohon, ta danna shi da kyau.

"Shamshad Bibi, me ya sa dama?"

"Da wanne ake yi? Ni kullum da shi nake yi."

"Ke mace ce."

Ta dubi hannun tsohon, ta sake shi kamar ya ƙona ta.

Mushtaq ya tara su a tsakar gida ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Kowane yaro a ƙasar nan ya san namiji hagu yake dangwalawa, mace dama. Rab Nawaz da kansa ba zai miƙa dama ba, ko barci yake. Namiji ba zai kama masa dama ba, Munshi ma ba zai yi ba. Kausar ta yi aikin rajista, ta kama yatsun maza ɗaruruwa, kuma sunanta take rubutawa, ba ta dangwale. Wadda ta yi wannan mace ce da ba ta taɓa dangwala wa kowa ba sai kanta. Tawadar sabuwa ce ranar wanka, saboda haka ba wata biyar baya aka yi ba, a kwana biyun da ya yi a sume ne. Ya juya ga Naziran ya tambaye ta ko ta bar gefensa a kwanakin nan. Ta ce sau ɗaya, da safen ranar ƙarshe, ta je kiran malami ya karanta masa Yasin. Kausar na shagon magani neman allura. Shamshad ce ta ce ta je, za ta zauna da shi.

"Yatsanki na cikin rajistar Munshi," in ji Mushtaq. "Ko ki faɗa yau, ko Lahore ta faɗa."

Shamshad ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce baki takwas ne a gidan kan albashin direba ɗaya, an dawo mata da bazawara ta ciyar, tsohuwa ɗaya kuma za ta riƙa cin fansho ita kaɗai. Idan ya koma sunan Kausar, tukunyar gida zai shiga. Ta ce ba ta cuci Baba ba, ai bai san an yi ba.

Na san wannan hujja, na ji ta a bakin manya da ƙanana. Talauci gaskiya ne, ban musa ba. Amma mace ta kama hannun mai shaƙuwar mutuwa, ta sa shi ya saki matarsa, ta ɗora laifin a kan ƙanwar mijinta, sannan ta zauna cikin mata tana yi masa kuka. Yunwa ba ta koyar da wannan. Liaqat ya ɗaga hannu zai mare ta, Mushtaq ya riƙe shi, ya ce masa wanda ya fara neman fatawa ba shi da hannun mari.

An tafi da Shamshad da Munshi. Kausar ta je ofis da ƙafarta ta janye buƙatarta, saura kwana biyu. Akawu ya ce fansho zai ci gaba, ya rufe fayil bai dubi kowa ba.

Naziran ba ta tashi daga bencin 'yan sanda ba. Mushtaq ya ce mata an gama, ta tafi gida.

"Sahib, waccan takarda an karanta ta a gaban mutane. Ina son tawa. Wadda ta ce bai sake ni ba."

Ya ce babu irin wannan fom a gwamnati. Ta ce to ya rubuta da hannunsa. Ya ɗauki farar takarda ya rubuta layi biyu: Rab Nawaz ya rasu Naziran Bibi na matarsa, bai taɓa sakinta ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Ba ta iya karatu ba, sai ta sa ya karanta mata sau biyu.

Ran Alhamis, da matan unguwa suka taru karatun Alƙur'ani a gidan maƙwabta, Naziran ta miƙa wa Kausar takardar, ta ce ta tashi tsaye ta karanta, kuma ta ɗaga murya don na bakin ƙofa su ji.