Nauyin Rana Uku da Rabi

A ƙofar ɗakin taro ya fara ganinta, tana jiran mahaifinta da makullin mota. Ita ce autar Farfesa, shi kuma ɗalibinsa ne da kowa ke kira Dogo. Ta tambaye shi abin da yake karanta.

"Taurari biyu masu zagaya juna," ya ce. "In an san tazararsu da shekarun da zagayen ke ci, sai a fitar da nauyinsu a haɗe."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Lissafin ba ya faɗa."

"Ashe yana da kunya," ta ce. Daga nan soyayya ta kama.

Farfesa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna waɗannan taurari, ya ce nauyinsu ya kai na ranarmu sau biyu. Dogo ya gano cewa a karkace ake hango zagayen, don haka tazarar ta fi yadda aka zata, nauyin ma ya fi haka. A taron sashe ya tashi ya faɗa, a gaban ɗalibai. Farfesa ya ce ya gode.

Da kawun Dogo ya je neman aure, aka ce a ba su lokaci.

Auta ta turo saƙo: "Dogona, ka fi shi gaskiya. Amma ofishin Baba yana da ƙofa."

Maimakon ban haƙuri, ya tura mata lissafin gaba ɗaya. Ba ta amsa ba. Da ya ji wani mai kemis yana zuwa zance, ya ɗauka an gama, ya karɓi aiki a wani gari.

Shekaru suka shige kafin ta sake rubutowa: "Ban yi aure ba. Baba ya daina gani."

Dogo ya dawo, ya sami Farfesa a falo, yana fuskantar taga.

"Nawa ka ce nauyin?" in ji Farfesa.

"Uku da rabi, Baba."

"Uku da rabi ne. A makon nan da ka faɗa na sake yi da kaina."

"To me ya sa ba a kira ni ba?"

"Kai me ya hana ka zuwa?"

Dogo ya durƙusa a gabansa.

Ranar ɗaurin aure Farfesa ya laluba kan 'yarsa, ya laluba na Dogo. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya." Sannan ya rage murya. "Dogo, ta yi kyau?"

"Ta yi kyau, Baba."

"To, na yarda da kai."