Harshen Hashim

A Kasuwar Ochanja Hashim ya fara ganin Rahinatu, ranar da ta zo sayen nama a teburinsa. Ya buɗe baki zai yi mata sannu, i'inar da ya taso da ita ta riƙe masa harshe. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ƙarasa masa kalmar ba. Jira ta yi. A zuwanta na uku ya ba ta lambarsa.

Da ta kira, shi kansa sai da ya tsorata. Magana ta yi ta zubo masa tiryan-tiryan.

"Wai kai ne kuwa, Mai Nama?"

"Ni ne, sanyin idona. Ashe in ba a kallon bakina, harshen sakewa yake."

Bayan sun yi sallama ta turo saƙo: "Ikon Allah! Ka ajiye mini muryar nan, kada ka ba kowa."

Jabir, wani dillalin shanu da shi ma yake sonta, ya je ya gaya wa mahaifinta, Alhaji Jumare, wai wani ne ke yi wa Hashim magana a waya. Alhaji ya ce ba zai ba mayaudari 'yarsa ba. Ita ma Rahinatu ta daina ɗaga kiransa.

Hashim ya tafi gidansu a unguwar Fegge ya durƙusa gaban Alhaji. Gaisuwa kaɗai ta sa shi gumi.

"Kira ta a gabana," in ji Alhaji.

Ya kira, ya sa sifika, ya rufe idonsa. Da ƙyar ta ɗaga.

"Rahinatu, ban taɓa aron bakin kowa ba. Wanda ya kasa gaida Baba yanzu da wanda ke miki magana, ni kaina ban san wanne ne ainihina ba. Amma duka biyun suna sonki."

Aka ji shessheƙarta. "Abeg, don Allah ka yafe mini, nawa."

Alhaji ya daɗe yana kallon bakin yaron.

"Tsarki ya tabbata ga wanda yake ɗaurewa yake kwancewa. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya haɗa su ya sa musu albarka, sannan ya dubi 'yarsa.

"In kun saɓa, shiga ɗaki ki kira shi a waya. Kada ki ci zalinsa ido da ido."