Yadda Anka Tuɓe Sarkin Noma Armiya'u

Zamanin Maigari Murtala, farkon damina ana shirin noman fari, anka yi wanga al'amari wani gari tsakanin Zurmi da Shinkafi. Ban faɗin sunan garin, ina son wuyana.

Ɓarayin daji sunka zagaye garin, ba shiga ba fita. Sunka kwashe matan da sunka tai ɗibar ruwa, sannan sunka aiko: in ana son matan, a yi musu gayya a gonarsu, Sarkin Noma da kanshi shi ja gaba, da kiɗi.

To ga al'adarmu, gayyar Sarkin Noma ta Maigari ce shi kaɗai. Gangar noma ba ta bin shi gonar kowa.

Anka taru fada. Fadawan da sunka iya yi wa mai tallan goro tsawa duk sunka koma ƙirgar zanen tabarma. Sarkin Yaƙi, wanda rabonshi da yaƙi tun kokawar ƙuruciya, ya ce ƙafa ta riƙe shi.

Maigari ya ce, "Sarkin Noma, mi ka gani?"

Armiya'u, dattijo mai furfura, ya ce, "Ranka shi daɗe, in ka ce in tai, sai in tai."

"Ni ban ce ba. Ban kuma hana ba."

Armiya'u ya ɗau hauyarshi ya tai. Makaɗa na kiɗi suna hawaye, shi yana duƙe yana yi wa ɓarawo noma, ɓarayin na dariya suna ɗaukar shi da waya. Da la'asar anka sako matan.

Hoton ya kai Ƙaura, ya kai Gusau. Manya sunka kira Maigari sunka tambayi wa ya ba da izini. Nan da nan ƙafar Sarkin Yaƙi ta warke, fada ta cika.

Waziri Lukman ya miƙe ya ce, "Armiya'u, ka zubar da mutuncin garinga. Ka yi abin kunyar da kakanninka ba su taɓa yi ba."

Armiya'u ya ce, "Waziri, ya ƙafar matarka Rabi'atu? Na ga ƙaya ta soke ta sa'ad da nike rako su gida."

Waziri ya ce ambaton matar mutum cikin fada ma wani abin kunya ne. Da hannunshi ya warware wa Armiya'u rawani. Anka naɗa surukin Maigari, wanda ya gudu Ƙaura tun bara, tafin hannunshi kamar na jariri.

Haka mulki ya gada. Abin kunya na gari duka ne, amma sai an samo mutum guda an aza mishi, sauran su samu barci.

Armiya'u bai ga girbi ba. Ranar jana'izarshi, waɗanda sunka san abin da ya yi musu suna cikin gida suna kuka, don mata ba su zuwa maƙabarta. Waɗanda sunka tuɓe shi su ne sahun gaba.