Jan Baburin Yaya

Ana gab da magariba Dogo yana tsugune a tsakar gida, sifanoni a baje a kan buhu, gwangwanin notina a gefensa. Sana'arsa gyaran firiji ce da fanka, amma tun yana saurayi ba abin da ke ɗauke masa hankali irin baburan tsere, masu ƙaton tanki da ƙarar da ke kaɗa hanjin mutum. Shekaru sun tafi yana kallonsu a hannun wasu. Sai ga wansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya turo masa wani ja har ƙofar gida, ya ce ya gaji da shi, Dogo ya ba da abin da ya sauƙaƙa.

Matarsa ta leƙo daga kicin, ta ce, "To angon ƙarfe, yau a nan za a kwana ke nan?"

Ya yi dariya, bai ɗago ba. Abin da yake gani ne ya fara ɗaure masa kai. Fenti sabo fil, amma da ya kankare da farce sai tsatsa ta bayyana. Sarƙa ta bushe ƙayau. Baƙin mai ya yi kauri kamar kwalta. Tayoyin ba su ci ba, sai dai sun tsattsage ta gefe, irin na abin da ya daɗe tsaye wuri ɗaya. Shi kuwa Yaya cewa ya yi kullum da shi yake fita. Dogo ya ce a ransa, Yaya bai san inji ba, shi ma rufe shi aka yi.

Ya kwance kujerar, ya ɗaga. A ƙarƙashinta, kusa da batir, akwai busasshiyar ciyawa a saƙe tsaf, kamar an gyara wa jariri shimfiɗa. Ya sa hannu. Da ɗumi. Ya taɓa inji, sanyi ƙalau. Ya sake taɓa ciyawar, ɗumin yana nan, irin na wurin da mutum ya tashi yanzu.

Ya kwashe ta, ya watsa a kwandon shara. Ya cire batir don ya kai caji, ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki.

Aka kira salla. Kaji suka shige akurki tun kafin a kora su. Gidan ya yi tsit, har rediyon maƙwabta ya ɗauke. Dogo yana alwala ya ga inuwarsa ta miƙe a bango. Ya waiwaya. Fitilar babur a kunne take, tana kallonsa, batir kuwa yana nan inda ya ajiye shi.

Washegari da magariba jifa ta fara. Ba dutse ba ne. Notinan da ke cikin gwangwaninsa ne suke sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, su gangaro su faɗo gabansa da zafi kamar an ciro su daga wuta. Aka leƙa waje, ba kowa a layin. Da dare ya yi suka riƙa jin wata tsohuwar murya a tsakar gida tana mita ƙasa-ƙasa, kamar mai neman abin da ta ajiye.

Daga nan abin ya koma kan Ummi, 'yarsu ɗaya tilo, mai shekara goma sha uku. Yarinya mai surutu, wadda in ta dawo makaranta sai an roƙe ta ta yi shiru. Ta daina magana. Jikinta ya riƙa warin fetur ko an yi mata wanka. Rana na faɗuwa sai ta tashi ta je ta kwanta a jikin babur, ta kafa kunne a tanki. In aka zo ɗaga ta, ta yi wata ƙara da ba ta yara ba, kuma ƙarti biyu ba sa iya ɓamɓare ta. A asibiti aka duba jini, aka duba kai, aka ce ba a ga komai ba.

Yaya kullum yana gidan. Ya kawo zuma, ya kawo man zaitun, ya zauna su ci abinci kwano ɗaya da Dogo, yana cewa a yi haƙuri, jarrabawa ce. Sai dai kullum baya yake juya wa babur.

Wata rana Dogo ya ce, "Yaya, don Allah, ka taɓa ganin wani abu a babur ɗin nan?"

"Wane abu kuma? Ƙarfe ne fa, Dogo. Kada ka sa wa ranka waswasi."

Dogo ya yarda, don bai taɓa kama Yaya da ƙarya ba.

Matarsa ce ta kasa jurewa, ta nemo wani malami mai ruƙiya, tsoho siriri wanda ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar. Yaya na ganinsa ya miƙe, ya ce yana da uzuri a kasuwa.

Malam ya ce, "Zauna, Alhaji. Muna buƙatar mai ƙarfi. Uban ya riƙe kafaɗa, kai ka riƙe ƙafafu."

Aka kwantar da Ummi a tabarma. Malam ya fara karatu a hankali, a kunnenta na dama. Rana ta yi ja, ta sauka bayan katanga. Jikin yarinyar ya sandare, yatsunta suka lanƙwashe. Can sai bakinta ya buɗe, muryar tsohuwar nan ta fito.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me kike nema a jikin yarinya?"

"Gidana nake nema. An zubar mini da shimfiɗar 'ya'yana a shara."

"Ina gidan naki?"

"Tambayi wanda ya riƙe ƙafafun. Ya san ni. Ai mun taɓa zama irin wannan da shi."

Dogo ya ɗaga kai. Yaya yana kallon tabarma, zufa tana ɗiga daga gemunsa.

Muryar ta ci gaba, a gajiye. Ta ce mai baburin na farko ya faɗi da shi ya mutu, danginsa suka jefa shi a wani tsohon sito bayan masana'antar da aka rufe. A nan ta same shi, ba mai so, ta zauna da 'ya'yanta shekara da shekaru. Sai wannan mutumin ya zo ya saye shi a hannun mai gadi. Ta yi jifa, bai ji ba. Ta kama ɗansa.

Dogo ya ƙura wa Yaya ido. Ya tuna rashin lafiyar ɗan Yaya a watannin baya, da aka ce zazzaɓi ne mai tsanani, aka hana kowa shiga dubiya.

"Ya kawo malami kamarka," in ji muryar. "Ya rantse mini da Allah zai mayar da ni inda ya ɗauko ni. Na saki yaron. Sai ya ga asara ce. Ya sa aka shafa fenti a kaina, ya turo ni gidan ƙaninsa."

Matar Dogo ta toshe baki da mayafi. Dogo yana jiran Yaya ya ce ƙarya ne, aljani maƙaryaci ne, ya ce ko mene ne. Yaya ya ƙara sunkuyar da kai.

Malam ya ce, "An cuce ki. Amma wannan yarinyar ba ta rantse miki ba, ba ta saye ki ba. Abin da kike yi mata zalunci ne, kuma Allah zai tambaye ki. Fita."

"In na ga gidana sai in sake ta."

"A'a. Ki fita tukuna. Ubanta zai rantse miki."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Rantsuwa ta ishe ni. Ya tashi ya ɗora hannu a kan babur. Ya mayar da ni siton yau ɗin nan, da ƙafa, kada ya tayar da inji. In na ga taya ta ƙetare ƙofa, na tafi."

Dogo ya saki kafaɗar 'yarsa, ya miƙe. Ya mayar da kujerar, ya ɗaure notinanta. Ya cire jak, ya tura. Babur ya yi nauyi kamar an ɗora masa mutane. Tayar gaba ta ƙetare ƙofa, ta baya ta biyo. A bayansa ya ji Yaya ya yi ƙara ya yarfe hannu, don ta ƙaramin yatsan ƙafar da yake riƙe da ita abin ya fita. Ummi ta yi atishawa, ta buɗe ido.

"Mama, ƙishirwa nake ji," ta ce. Sai ta ga wanda ke zaune wajen ƙafafunta, ta yi murmushi. "Baba Babba, yaushe ka zo?"

Yaya kaɗai ya san hanyar siton, don haka shi ya shige gaba. Suka bi ta bayan kasuwa, suka wuce shagunan da ake rufewa, Dogo yana turawa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. A wani hawa Yaya ya dawo ya ɗora hannu a bayan kujera zai taimaka. Dogo ya tsaya cak, bai motsa ba sai da ya ɗauke hannun.

Siton ba ƙofa, rabin rufin ya zube. Dogo ya shigar da babur, ya jingine shi a kusurwar da Yaya ya nuna, inda har yanzu akwai tabon mai a ƙasa. Nauyin ya sauka daga hannunsa lokaci guda. Ya fito bai waiwaya ba.

A bakin titi Yaya ya ce, "Dogo, tsaya ka ji. Na ɗauka in ya bar gidana shi ke nan. Wallahi ban zaci zai taɓa ta ba."

"Ranar da ya taɓa ta fa? Kana zaune. Hannunmu a kwano ɗaya, tana ihu a bayanka. Na tambaye ka."

"Kunya ce ta hana ni."

Dogo ya dube shi. Fuskar nan ce da ta kai shi makaranta, ta kai shi koyon sana'a, ta nema masa aure. Tun da ya iya magana bai taɓa kiran mai fuskar da wani suna ba sai Yaya. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa.

"Sai da safe, bawan Allah," ya ce.

Ya tsallaka titi, ya kama hanyar gida shi kaɗai.