Ranar da Jawahir Ta Ɗaga Murya

"Wallahi ba inda zan je, Jawahir!"

"Ka rufa min asiri ka tafi... Inna tana tsakar gida, tana jin mu."

Abdulrauf ya ajiye ledar lemon da ya kawo, ya tsura wa matarsa ido. Tun da cikinta ya tsufa aka dawo da ita gidansu a Fagge goyon ciki, kamar yadda ake wa mai haihuwar fari, kullum sai ya bar shagonsa na Kantin Kwari ya leƙo ta. Amma iyakarsa zaure.

"Dubi yadda kike dafe bango. Tun yaushe?"

"Tun jiya... bayana ne kawai yake ɗan riƙewa."

"Tun jiya! Haba hasken idona, ba mun yi alƙawari ba? Kin ce ranar da abin ya zo hannuna za ki riƙe."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya cika mata ido. Ta yi alƙawarin, ba ta musa ba, amma a ɗakinsu ta yi shi, inda babu Inna Yakaka.

Ita Inna Yakaka ba mutuniyar wasa ba ce. Tun tana amarya aka kawo ta Kano daga Borno, kuma duk 'ya'yanta a ɗakinta ta haife su, ko tarinta maƙwabta ba su ji ba. Abin alfaharinta ke nan a duniya: matan gidansu ba sa kuka a kan gwiwa, miji kuma ba ya zuwa kusa. Jawahir tana son Innarta kamar me, tana kuma tsoron ranar nan har cikin ƙashinta. Ba ta son ta zama ita ce ta fara ba gidan kunya.

Wani ciwo ya taso mata daga baya ya zagayo mara. Ta durƙusa, sai ga ruwa yana bin ƙafarta.

"Inna!" Abdulrauf ya ƙwalla kira, ya manta da wata kunya.

Inna ta fito da sauri, tana ganin suruki ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba, balle ta kama sunansa. Ta juya wajen 'yarta.

"Faya ce ta fashe. Gaya wa mijinki ya samo abin hawa. Ki kuma gaya masa, iyakarsa bakin ƙofar asibiti."

Mai adaidaita sahu ya yi ta kutsawa cikin cunkoson Bata, Abdulrauf a gefensa yana ta roƙon masu kura su ba da hanya. A wani ƙaramin asibiti da ke Sabon Gari, inda Jawahir take zuwa awo, Sista Monica ta tare su. Unguwarzoma ce, Inyamura haifaffiyar unguwar, Hausa a bakinta kamar ta Bakano.

Ta duba ta, ta cire safar hannu tana murmushi.

"Da sauran tafiya, ƙanwata."

"Sista... tun jiya fa nake fama!"

"Haihuwar fari ba ta gaggawa. Wata ta yini, wata ta kwana ta yini. Bakin mahaifa a hankali yake buɗewa. Ciwon zai riƙa zuwa yana tafiya, in kika ji ya matso kusa-kusa, ba ya barinki ki yi magana, to mun kusa. Tashi ki yi ta zagaye, ki sha ruwa, in ya taso ki ja numfashi ki sauke."

Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Jawahir ta zagaya ɗakin nan har ta san kowane tsagi na bangonsa. Ta taga tana hango Abdulrauf a kan benci, ya tashi, ya zauna, ya cire hula, ya mayar, kai ka ce shi ne mai naƙudar.

Ciwon kuwa ya daina wasa. Duk sanda ya taso sai ta dubi Inna, ta cusa gefen zani a baki ta cije, ta riƙe numfashi har idonta ya yi ja. Leɓenta ya fashe. Ko uffan ba ta ce ba, Inna na gefe tana jan carbi tana gyaɗa kai.

Sista Monica ta sake dubawa, wannan karon babu murmushi.

"Hajiya, yarinyar nan ta ɗaure jikinta tamau. Ba ta numfashi yadda ya kamata, ƙarfinta yana ƙarewa tun kafin lokacin nishi ya yi. In ta gaji gaba ɗaya, sai dai in kira likita a fara maganar aiki."

"Aiki?" Carbin ya tsaya a hannun Inna.

Sista ta sunkuyo ta share wa Jawahir gumi. "Ƙanwata, wa kike so ya zo kusa da ke?"

Jawahir ta dubi ƙofa. Ta dubi Inna. Ta runtse ido ta girgiza kai, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta.

Inna ta daɗe tana kallon jinin da ke leɓen 'yarta. Sai ta miƙe ta fita.

Jawahir ta ɗauka fushi Inna ta yi. Can sai ta jiyo murya daga baranda, muryar da ta sani tun tana goye.

"Abdulrauf! Taso, ɗana. Shiga wajen matarka."

Ya shigo takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya bar shi a ƙarƙashin benci. Ya durƙusa a bakin gadon ya kama hannunta.

"Ga ni, zuciyata. Ga ni nan..."

"Masoyi... zan mutu."

"Ba za ki mutu ba, in sha Allahu. Dube ni. Ja numfashi, mu yi tare."

Ciwon ya sake tasowa, ta kai hannu za ta jawo zanin. Inna ta fizge shi ta jefar gefe. Fuskarta a buɗe take, mayafin ya zame kafaɗa, ba ta ma kula ba.

"Yi kukanki, 'yar nan. Ni na ce ki yi! Wanda zai yi magana ya zo ya same ni."

Jawahir ta saki wani ihu, har mai rake a bakin titi sai da ya waiwayo. Da ihun ya fita sai ta ji kamar an kwance mata ɗauri a ƙirji, numfashi ya dawo. Ta yi kuka, ta kira sunan Allah, ta kira Inna, ta matse hannun Abdulrauf har yatsunsa suka yi ƙara. Bawan Allah bai ce wayyo ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da Sista Monica ta ɗago kai.

"Yauwa! Ya buɗe duka. Yanzu in ciwo ya zo ki yi nishi, in na ce tsaya ki tsaya. Yi!"

"Ba zan iya ba..."

"Za ki iya!" Inna da Abdulrauf suka faɗa baki ɗaya.

"Ga kai nan! Tsaya... a hankali... ƙara!"

Ta tattara duk abin da ya rage mata ta yunƙura. Sai kukan jaririya ya cika ɗakin.

"Mace ce!"

Aka ɗora mata ita a ƙirji, da ɗuminta da santsinta. Inna ta hana kowa barka sai da mabiyiya ta faɗo, sannan ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har matan ɗakin gaba suka ɗauka.

Jawahir tana dariya tana kuka. Daɗin da ta ji ba ta taɓa jin irinsa ba.

"Inna... na ba ki kunya?"

"Kunyar me? Kin ba ni jika, kin kuma bar min 'yata da rai."

Inna ta naɗe jaririyar a zani, ta miƙa wa Abdulrauf hannu da hannu. Ya kai bakinsa kunnenta zai yi kiran salla, kuka ya sarƙe shi, ya kasa. Ya sake gwadawa, ya sake kasawa.

Inna ta dafa kafaɗarsa, idonta ita ma ya kawo ruwa.

"Yi a hankali, ɗana, ba mai korarka. Kujerarka tana nan kusa da matarka."